Ragowar Zaren Kaumi

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna tura wa mutane waƙa a waya, ina jin abin da kuke faɗa idan kun ɗauka barci nake yi. Wai Baba Modu ya ci banza a zamaninsa, aikin kaset ai danna jan maɓalli ne kawai mutum ya koma gefe ya sha shayi. To ba barci nake ba, ido nake hutarwa. Tunda kuma kun matsa sai kun ji yadda aka ƙare da waƙoƙin Kaumi Zaƙi, waɗanda bai fitar ba har ya rasu, ku gyara zama. Masu neman kaset ɗin nan kashi biyu ne. Akwai masoyansa, su waƙa suke nema. Akwai mahaifiyarsa, Ya Falmata ta unguwar Ajilari, ita kuwa ko baiti ɗaya ba ta so, burinta kawai ta sake jin ɗanta yana magana kafin ta bar duniya. Amma sai kun fara jin aikin tukuna, don in ba ku san yadda zare ke tafiya ba, labarin ba zai zauna muku ba.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Oga Sunday shi ne goge kan rakoda. Oga Sunday Ibo ne, a kasuwa yake sayar da kaset da kayan gyaran rediyo, kuma Kanurinsa ya fi Hausarsa daɗi. Ya ba ni auduga da kwalbar sifirit ya ce in goge ɗan ƙarfen nan da zare ke bi ta kansa. Na goge, na kawo. Ya kunna, ya saurara, ya ce in sake. Na sake. Na daɗe a kan wannan aiki ɗaya har na fara zargin ko mutumin ya manta ni koyo na zo. Sai daga baya kunnena ya buɗe, na fara jin bambancin kai mai tsabta da mai datti: mai datti yana sa mawaƙi ya yi kamar yana waƙa da tuwo a baki. Daga ranar na daina tambayarsa ko ya yi, ni nake ji da kaina.

Wata mata 'yar ƙabilar Shuwa ta taɓa kawo mana kaset ɗin bikinta, rakoda ta taune shi, zaren ya cukurkuɗe a ciki kamar taliyar da ta kwana. Tana tsaye a kaina tana rantsuwa in ya tsinke sai ta tara mini jama'a. Ba a jan irin wannan da ƙarfi. Allura ake sawa a ɗaga shi sannu a hankali, a shimfiɗa shi a kan gilashi, a danne inda ya lanƙwashe da bayan cokali, sannan a soka biro a ramin kaset a riƙa naɗewa. Inda ya tsinke kuwa, a yanka bakin biyu da reza a karkace, a haɗa da ɗigon jan farce ko siririn salatif ta baya. In ka yanka a miƙe, duk sanda aka zo wurin sai an ji ƙas. Na gama na kunna mata, ta ji guɗar ƙanwar babanta ta fito ras, ta karɓe kayanta ta tafi ko sannu babu. Haka masu kawo aiki suke. In ka gyara, dama can lafiyarsa ƙalau. In ya lalace, a hannunka ya lalace.

Dokokin Oga Sunday a kan masta, wato uwar kaset da ake gurza sauran daga jikinta, ba su da yawa, amma ba ya yafe su. Gefe ɗaya ake ɗauka a masta, a bar bayan babu komai. Kafin a ajiye, sai an mayar da zaren farko. Babbar dokar kuma ita ce, idan ana ɗaukar mawaƙi, ba a tsayar da rakoda. Ko ya gama, ko ya miƙe yana neman takalmi, a bar ta tana juyawa har zare ya ƙare ta tsaya da kanta. Dalilinsa shi ne wani maroƙi da ya taɓa ɗauka, mutumin ya ce ya gama, Oga ya danna, sai kawai ya ɓarke da baitin da ya fi duk abin da ya yi a ranar, aka roƙe shi ya maimaita ya ce ya manta. Oga ya rasu bai huce da wannan takaici ba. Na taɓa kai hannu zan tsayar, ya make ni da sukurdireba a bayan yatsu. "Modu, zaren naka ne? Bar shi ya tafi." Shi ya sa duk mastar da ta fita daga hannuna, ƙarshenta tari ne da hira da ƙarar kujera.

Da na samu 'yanci na buɗe nawa shagon, sai na mayar da ɗakin baya wurin ɗaukar murya. Ku da kuke cewa sutudiyo kuna tunanin sanyi da kujera mai juyawa, namu katifu ne aka jingina a bango, da kiret ɗin ƙwai a rufi, da makirufo ɗaya da aka ɗaura wa safa. Fanka a kashe take muddin ana ɗauka, saboda ƙararta tana shiga. Ku tuna kuma zafin garin nan ne. Janareto yana can bayan gidan maƙwabci da doguwar waya, in ya yi tari sai muryar mawaƙi ta yi ƙasa ta dawo. Mai fiyano da mai waƙa tare suke yi, in ɗaya ya kuskure a koma farko. Na ga ƙato ya fito daga ɗakin nan yana matse riga yana cewa ya fasa zama mawaƙi.

A wannan ɗaki Kaumi ya fara. Lokacin gyaran babur yake yi a Ajilari, ya shigo da baƙin mai a farce. Ya daɗe a tsaye kafin in gane abin da yake so, domin Kaumi yana da in'ina, irin mai tsanani, wadda kalma ke maƙalewa har jijiyar wuya ta tashi. Na ce a raina wannan zai cinye mini zare a banza. Aka kunna fiyano, ya rufe ido, ya buɗe baki. Wallahi ko gargada ɗaya babu. Murya ta fito sumul, har mai shayin waje ya leƙo. Yana gama waƙa ya juyo zai tambaye ni ko ta yi, in'ina ta dawo ta kama shi a harafin farko.

Ya daɗe yana zuwa, mun tara masta cike da kwali. Duk sanda zai kai samfuri wa masu shirya waƙa a Kano, sai ya tsaya a kaina ina gurza masa kwafi, ya tabbatar na cire duk inda ya yi magana. Wannan aikin yatsa ne, ka saki maɓalli daidai inda kiɗa ya shiga, ka riƙe daidai inda ya mutu, kada numfashin farko na magana ya bi. Ina alfahari da cewa babu wani a Kano da ya taɓa jin in'inar Kaumi daga kaset ɗina. Masta kuwa ba a taɓa ta, tana nan yadda aka ɗauke ta.

Sauran kun sani. Ya tafi Kano, aka sa masa Zaƙi, aka bi muryarsa da na'urar nan mai sa kowa ya yi kamar an toshe masa hanci, duniya ta ɗauka. Bai taɓa yarda an yi hira da shi ba, ko a rediyo ko a bidiyo. A wurin biki in an miƙa masa makirufo ya gaisa da jama'a, sai ya rera gaisuwar. Masoya suka ce jan aji ne, wasu suka ce sirrin manyan mawaƙa ke nan, har na ji wani yana bayanin hikimar shirun Kaumi. Ni dai na san yaron tsoron harafin farko yake yi.

Sai muguwar shekara ta zo. Dama sana'ar ta fara mutuwa, faifai ya tura kaset gefe, waya ta zo ta ture faifai. Sannan gari ya rikice. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, iyayenku sun ba ku. Abin da ya shafi aikina shi ne, kiɗa ya zama abin da ake kashewa in an ji tafiya a waje. Maƙwabtana na kasuwa suka fara yi mini magana a hankali, cewa hotunan mawaƙan nan da ke ƙofa ba za su jawo mana alheri ba. Na sauke su. Oga Sunday ya kwashe iyalinsa ya tafi garinsu, ya bar mini rakodarsa babba. Na koma gyaran tocila da cajin waya. Mastocin mutane kuwa na bi gida gida na mayar wa masu su, kowa ya ji da kayansa. Na Kaumi na zuba a buhu na kai wa Ya Falmata, tunda shi yana Kano. Bayan an samu sauƙi da wasu shekaru, ya yi ciwon 'yan kwanaki a can, Allah ya karɓi abinsa.

Mutuwa ta ƙara masa kasuwa. Ina zaune wata rana sai ga mutum biyu. Mace ɗaliba ce, Zara, daga Jiddari Polo. Namijin Sadik, takanas ya taso daga Kano da jaka a baya. Suka ce su shugabannin wani guruf ne na waya, na masoyan Kaumi, kuma sun gano cewa a nan ya ɗauki demo ɗinsa na farko. Na ce mene ne demo? Suka ce waƙoƙin gwaji. Na ce to a da sunansu "a sake daga farko".

Yaran nan sun san Kaumi fiye da yadda ya san kansa. Sun san rigar da ya sa a kowane biki. Na faɗa musu wanda ya kaɗa fiyano a waƙar farko, Zara ta ce a'a Baba, wancan lokacin ya tafi Damaturu, ƙaninsa ne ya kaɗa. Na yi gardama har na fara fushi, da na kwanta da rana na tuna, wallahi ita ce da gaskiya. Sun ce ana rade-radin kaset ɗin suna hannun wani attajiri a ƙasar waje, wasu sun ce da su aka binne shi, kamar ba Musulmi ba. Sadik ya leƙa ɗakin baya, inda yanzu buhunan gawayi ne, ya dafa bango, sannan ya nemi izinin ɗaukar hoton wata ƙusa. Ya tambaye ni ko ina jin wani abu na musamman a ranar da Kaumi ya fara waƙa. Na ce ina jin zafi.

Na kai su Ajilari. Ya Falmata ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune a tabarma tana jan carbi. Na gaishe ta da Kanuri na ce, "Wushe, Ya Falmata." Ta gane muryata nan take. Hausarta kaɗan ce, don haka da Kanuri muka yi, Zara tana fassara wa Sadik. Shi kuwa ya durƙusa ya fara jawabin da ya haddace, cewa ɗanta gata ne ga al'umma, muryarsa ba za ta mutu ba. Don ya faranta mata, ya kunna mata waƙa a waya.

Ta ɗaga hannu. "Kashe, ɗana. Wannan ina jin sa kullum, duk napep ɗin da ya wuce shi ne. Wannan na mutane ne." Ta juyo inda nake. "Modu, nawa ba haka yake ba. Nawa in zai kira ni Ya, sai ya yi ta fama, ni kuma in jira shi. Ban taɓa ƙarasa masa magana ba, kowa yana ƙarasa masa ban da ni. Yanzu na nemi muryar a kaina na rasa. Fuskar tana nan, muryar ta tafi. A cikin kayan nan naka babu inda yake magana?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na tuna yadda na ƙware wajen cire abin da take nema. Na ce akwai, a ƙarshen kowace masta akwai. Ina buhun? Ta ce ai tun a waccan shekarar ta ji tsoron ajiye shi, ta ba ƙaninta Ba Kyari, manomi a Khaddamari, ya ɓoye.

Sadik ya kusa yin rawa. Kafin mu fito daga gidan ya sanar wa guruf cewa an gano taskar. A hanya yana ta lissafa yadda za a fitar da waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, da hoton da za a sa a kowace.

Lokacin shinkafa ta fara nuna. Muka sauka a Khaddamari aka nuna mana gonar Ba Kyari. Tun daga nesa na hango wani abu yana walƙiya a saman gonar, layi layi, daga wannan sanda zuwa waccan, iska na kaɗa shi yana wani siririn kuka. Ni na gane tun kafin mu ƙarasa, sai na rage tafiya. Duk manomin yankin nan ya san babu abin da ke korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa kamar zaren kaset. Yana ƙyalli, yana motsi, yana ƙara, ba ya neman abinci.

Ba Kyari ya tarbe mu da murna. Sadik ya tambaye shi buhun da aka ba shi ajiya. Tsohon ya buɗe hannu ya nuna gonar gaba ɗaya.

"Ga shi nan. Na ɓoye shi da kyau har aka samu lafiya muka dawo gona. Na ga babu mai rakoda yanzu, kaya kuma suna zaune. Kai, zaren Kaumi albarka gare shi. Na maƙwabcina na wa'azi ne, tsuntsu har zama yake a kai. Nawa kuwa ko kusa ba sa zuwa. Duk damina ina jan kaɗan, bana na ja na ƙarshe."

Sadik ya zauna a kan kunya, ya riƙe kai. "Baba, ka san abin da ka rataya? Tarihi ne! Duniya ce take jiran waƙoƙin nan!"

"To ai ba a hana kowa ji ba," in ji Ba Kyari. "Ga su nan a fili."

Yaron ya tashi ya shiga gona yana tattara zare a hannu kamar mai tsinkar auduga. Na karɓi wani na murza, baƙin ya zube a yatsana, ya bar leda fara. Rana da ruwa sun cinye komai. Na ce masa ya bari, waƙoƙin an riga an fitar da su, tsuntsaye ne suka saurara. Bai yi dariya ba. Ni ma dariyar ba ta kai ciki ba, don tunanina yana kan tabarmar Ajilari.

Zara ce ta ceci tafiyar, ba ni ba. Ni na riga na juya. Ita ta tsaya tana kallon yadda aka ɗaura zaren, sai ta ga Ba Kyari ba ya yar da gidan kaset, da shi yake ɗaurewa a jikin sanda ya ja zaren daga ciki. Ta bi sandunan tana dubawa. Duk an zare su tas. A can ƙarshen gona, inda fili ya ƙare kafin zaren ya ƙare, ta kira ni. "Baba, wannan akwai saura a ciki." Na duba ta ɗan gilashin tsakiya. Wani siririn naɗi ne ya rage a jikin ƙafar da zare ke naɗuwa a kai, bai kai kaurin zobe ba. Tsohon ya ce bana ya rataya shi. Da ƙyar ya yarda muka kwance, sai da Zara ta yi alkawarin kawo masa tsofaffin faifai masu ƙyalli a madadi.

Yanzu ku lissafa da kanku, ku da kuka ce dannawa ne. An mayar da zare farko kafin a ajiye. Manomi ya ja daga farko. Me ya rage a ciki? Ƙarshe. Sadik ya ce ko baitin ƙarshe aka samu ya isa, za a girgiza duniya. 

Aikin ya ci mini kwanaki. Gidan kaset ɗin ya lanƙwashe da rana, dole na fasa shi na ciro ƙafar da zaren. Na samo wani tsohon gida mai sukurori, na dasa ta a ciki. Bakin zaren da ya sha iska na yanke har inda baƙin ya daina zuba, kowane yanka ina jin kamar naman jikina nake ragewa, don ban san ko kalmar da take jira ce nake yarwa ba. Na haɗa da sabon zare a gaba, a karkace, da jan farcen jikata. Ɗan soson da ke danne zare ya ruɓe, na yanko wani daga tsohuwar hula. Rakodar Oga Sunday na sauko da ita, bel ɗinta ya narke, na yi mata na robar tayar keke, na goge kan har sai da ya yi ƙyalli. Sadik kullum yana ƙofar shago yana roƙon a ɗan kunna a ji. Na ce masa zaren nan ya yi laushi, mai yiwuwa sau ɗaya zai bi ta kan rakoda ya zube, kuma wannan sau ɗayan ba a shagona za a yi shi ba.

Bayan la'asar muka ɗauki rakoda a napep zuwa Ajilari. Zara ta haɗa waya da rakodar don a kwafe duk abin da ya fito. Sadik ya sanar wa guruf su kasance cikin shiri. Ya Falmata ta sa aka matso mata da lasifika kusa da kunne. Na yi bisimilla na danna.

Shuu na sabon zare. Ɗan tsalle a wurin haɗi. Sai jelar fiyano, sauti ɗaya, dogo, yana mutuwa. Shi ke nan waƙar da duniya ke jira. Sadik ya rufe ido.

Shuu ya ci gaba. Aka ji ƙarar kujera. Aka ji wani ya kunna fanka yana cewa za a mutu da zafi, muryata ce, lokacin tana da ƙarfi. Aka yi tari. Shiru ya yi tsawo har na fara kallon naɗin yana ƙanƙancewa. Sai ga shi, kusa da makirufo, da Kanuri.

"Ba Mo-Mo-Modu. In za ka wu-wuce ta gida, ka ce wa Y-Y-Y..."

Ya maƙale. Ana jin numfashinsa yana kokawa da kalmar. Sadik ya buɗe ido, ya dube ni, bai taɓa sanin Kaumi yana da in'ina ba. Bakinsa ya motsa zai ƙarasa, Zara ta dafe masa hannu. Ya Falmata ta daina jan carbi. Ta karkata kai, tana jira, yadda ta saba.

"...Ya. Ka ce wa Ya ka-kada ta jira ni, ta ci abincinta." Aka ji takunsa ya yi nisa, sai ya dawo. "A'a. Ka ce ta a-a-ajiye mini. Ina zuwa."

Na tuna ranar, ba wata rana ba ce ta musamman. Na biya na faɗa mata, ta ajiye masa burabusko, ya zo ya ci. Saƙo ne irin wanda ake aikawa kullum.

 Wayar Sadik tana ta ƙyafta wuta, mutanen guruf suna tambayar sunan waƙar. Ya kife ta a kan tabarma. Ya Falmata ta goge fuska da gefen mayafi, ta juyo daidai inda nake zaune, ta yi magana da muryar da ake ba ɗan aike amsa.

"Modu, ka ce masa na ajiye."

Na ce to, Ya Falmata.

Zaren yana ta tafiya, babu komai a kai sai fanka. Zara ta miƙa hannu za ta tsayar, na riƙe yatsunta. Muka zauna muna sauraron fankar ɗakin baya har zare ya ƙare, rakoda ta tsaya da kanta.